Sabuwar Manhaja a Kan Tsohuwar Kwamfuta: Dabarun Gini da Iyakarsu

 

 Malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa masu sana'ar gyaran kwamfuta, ƙannena ɗalibai maza da mata:

An ce in yi magana a kan yadda ake gina manhaja a kwamfutar da babbar manhajarta ta tsufa, wato wadda masu ita suka daina kula da ita. Na karɓi batun hannu bibbiyu, domin halin da da yawa daga cikinku za ku tarar ke nan. Azare yau gari ne na karatu. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa da mu. Kowace shekara ana yaye matasan da suka koyi kwamfuta a aji. Amma ranar da matashi ya samu aiki a wata makarantar kuɗi, ko asibiti mai zaman kansa, ko kantin magani, abin da za a nuna masa shi ne wata HP ko Dell ta hannu da aka sayo a Titin Beirut a Kano. Tana kusurwar ofis, ƙura ta rufe ta. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya ɗora mata Ubuntu shekarun baya, ya gama hidimarsa ya koma garinsu. A cikinta sakamakon jarrabawa yake, ko rajistar marasa lafiya, ko lissafin kaya. Tana aiki, kowa na tsoron taɓa ta. Sai a ce da matashin nan: muna so ka sa mana sabuwar manhaja kaza a ciki.

Idan ya tambayi masana na waje, amsa ɗaya za su ba shi, ya sabunta babbar manhajar. Gaskiya suka faɗa, kuma zan dawo kanta kafin in zauna. Sai dai mai ba da wannan amsa bai san abin da man janareta ya koma ba tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Bai san hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 ba. Kuma ba shi ne zai tsaya gaban shugaban makaranta ba idan sakamakon ɗalibai ya ɓace ana saura mako guda a ba da hutu. Saboda haka dole a yi dabara. Abin da nake so ku riƙe daga bakina yau shi ne: duk dabarar da za ku yi, ku yi ta a gefen tsohon tsarin, kada ku taɓa jikinsa, kuma ku sani bashi kuka ci wanda za a biya wata rana.

Me ake nufi da tsufa a nan? Ubuntu 16.04 ta fito a Afrilun 2016, tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a Afrilun 2021. Na Ubuntu 18.04 ya ƙare a ƙarshen Mayun 2023. CentOS 7, wadda ofisoshi da kamfanoni a faɗin duniya suka dogara da ita shekara goma, an rufe littafinta ranar 30 ga Yunin 2024. Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025. A ranar da wa'adi ya cika kwamfutar za ta kunnu kamar kullum. Gyara ne ya tsaya. Masu rubuta manhaja kuwa sun ci gaba da tafiya, suna ɗauka kowa yana da sababbin kayan aiki, ita tana nan inda aka bar ta. Zan fi tsayawa a kan Linux, domin a can aka fi gina manhaja daga ɗanyen rubutunta. Masu Windows 7 maganarku gajera ce: Python 3.8 ne na ƙarshe da ke hawa kanta, haka ma Go 1.20 da Chrome 109. Ku nemo waɗannan ku adana a filash, ku rage shiga intanet da ita.

Abu na farko da zai tare ka shi ne rumbu. Kana buga apt update ko yum install sai allo ya cika da lamba 404 da ƙorafin ba a sami adireshi ba. Sabon shiga sai ya zaci intanet ne, ya je ya ƙara sayen data. Intanet lafiyarsa lau, rumbun ne aka kwashe. Kayan CentOS 7 sun koma vault.centos.org, tsofaffin fitowar Debian suna archive.debian.org, na Ubuntu suna old-releases.ubuntu.com, ko da yake fitowar dogon zango irin 16.04 da 18.04 sukan jima a babban rumbu kafin a kwashe su. Gyaran bai wuce buɗe fayil ɗin sources.list, ko fayilolin da ke yum.repos.d, a canja adireshi ba. A Debian, apt na iya cewa wa'adin jerin kayan ya wuce. Akwai zaɓin Check-Valid-Until da ake kashewa, kuma wannan ba laifi, tunda ka san rumbun ba ya ƙara motsi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe binciken sa hannu gaba ɗaya, a rubuta trusted=yes ko gpgcheck=0 a wuce. Sa hannun nan shi kaɗai ne shaidarka cewa ƙunshin da ya iso gare ka shi ne wanda masu shi suka aiko.

Na biyu shi ne agogo da satifiket, kuma a nan ƙasarmu agogon ya fi yawan zama sanadi. A jikin allon kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta. Kwamfutar da ta shekara goma, ga wuta da ke ɗaukewa kullum, batirin nan ya daɗe da mutuwa. Duk sanda aka kunna ta sai ta farka a wata tsohuwar shekara. A ganinta duk satifiket ɗin shafukan duniya lokacinsu bai yi ba tukuna, don haka git ya ƙi, pip ya ƙi, wget ya ƙi. Shi kansa make yakan rikice, domin da lokacin da aka taɓa fayil yake gane abin da aka gina da wanda ba a gina ba. Kafin ka zargi kowa, buga date ka ga abin da za ta ce. Batirin kuɗinsa kaɗan ne, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Idan agogo daidai yake, to duba satifiket na tushe. Ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wani satifiket mai suna DST Root CA X3 ya cika. A kansa Let's Encrypt ta jingina tun farko, ita kuwa miliyoyin shafuka ke amfani da ita. Sababbin kwamfutoci ba su ji komai ba, domin sun riga sun san wanda ya gaje shi, ISRG Root X1. Masu OpenSSL 1.0.2, wato Ubuntu 16.04 da CentOS 7, sun maƙale a kan mataccen, suna ƙin shafuka lafiyayyu. Maganin shi ne a sabunta ƙunshin ca-certificates, a tabbatar sabon tushen yana ciki, a cire tsohon daga jerin amintattu. Na san abin da aka fi yi shi ne a ƙara -k a bayan curl, ko a ce wa wget kada ya duba satifiket. Aiki zai tafi, haka ne. Amma ka tuna abin da kake saukewa rubutu ne da za ka gina ka kuma girka da ikon root a kwamfutar da ke riƙe da sirrin mutane. Idan ya gagara, sauke shi a wayarka ko a wata kwamfutar mai lafiya, ka gwada lambar SHA256 da wadda masu shi suka wallafa, sannan ka kawo shi a filash.

Yanzu mu zo kan glibc, inda aka fi yin ɓarna. Shi ne laburaren C na GNU. Kusan kowace manhaja a Linux ta hannunsa take buɗe fayil, ta nemi wuri a RAM, ta yi magana da kanel. Buga ldd --version za ka ga naka. CentOS 7 tana da 2.17, Ubuntu 16.04 tana da 2.23, Ubuntu 18.04 tana da 2.27. Da Node.js 18 ya fito a 2022, ginannen da suke rabawa yana buƙatar 2.28. Mai 18.04 taki ɗaya ya rage masa, amma saƙon da zai gani iri ɗaya ne da na mai CentOS 7: GLIBC_2.28 not found. A farkon 2024 VS Code ma ya ɗaga buƙatarsa zuwa 2.28, masu tsofaffin saba suka yi ta kuka har Microsoft ta ƙara musu wa'adi. Ku ga ke nan matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba.

Ƙa'idar glibc hanya ɗaya take bi. Abin da aka gina a kan tsoho yana aiki a kan sabo. Abin da aka gina a kan sabo ba ya aiki a kan tsoho. Wanda bai fahimci wannan ba sai zuciya ta raya masa ya sabunta glibc ɗin kawai. Wani ya ƙara rumbun sabuwar fitowa a sources.list ya jawo libc6 daga can, apt ya biyo shi da ɗaruruwan ƙunshi, a tsaya rabi da rabi, kwamfutar ba tsohuwa ba, ba sabuwa ba. Wani ya kwafo fayil ɗin libc.so.6 daga kwamfutar abokinsa ya danne na asali. A daƙiƙar da ya yi haka ls ya daina aiki, cp ya daina, sudo ya daina, ko hanyar mayar da abin da ya cire babu. Idan kwamfutar tana garin Katagum ko Gamawa, kai kuma daga Azare kake shiga ta nesa, sai dai ka nemi mota ka tafi da filash mai tayar da kwamfuta, ofishin mutane a rufe har ka iso. Garin neman gira an rasa ido. Idan gida ya yi wa iyali kaɗan, ɗaki ake ƙarawa a tsakar gida. Ba a zare azarar da ke riƙe da rufi mutane na kwance a ƙasa.

Ƙarin ɗakin nan a Linux sunansa --prefix. Duk abin da za ka gina da hannunka, ka ba shi wurinsa a ƙarƙashin /opt, ka bar /usr ga apt da yum. Bari in ɗauki misalin da na san zai same ku. Ana buƙatar Python 3.10 ko sama da haka a kan CentOS 7 ko Ubuntu 16.04. Ka sauke ɗanyen rubutun, ka buga configure da make, komai ya tafi sumul, ka yi murna. Sai ka buga pip ya ce babu ssl. Dalili shi ne tun daga 3.10 Python ba ya karɓar OpenSSL da ya gaza 1.1.1, kai kuwa 1.0.2 gare ka, kuma ginin bai tsaya ba, tsallake wannan sashe ya yi ya wuce. To sai ka fara gina sabon OpenSSL a /opt/openssl, daga jerin 3, domin shi ma 1.1.1 wa'adinsa ya cika a Satumban 2023. Sannan ka koma kan Python ka nuna masa wurin da --with-openssl, ka haɗa da --with-openssl-rpath=auto don ya tuna hanyar laburaren ko bayan an sake kunna kwamfuta. Ka tabbatar ƙunshin gini na zlib da libffi da sqlite da bzip2 suna nan tun kafin ka fara, in ba haka ba za ka maimaita aikin. A ƙarshe ka buga make altinstall. Kada ka yarda sabon Python ya gaje sunan tsohon. A CentOS 7 yum kansa da Python 2.7 aka rubuta shi, a Ubuntu kuma kayan aikin tsarin da yawa sun dogara da python3 ɗin da ta zo da shi. Wanda ya canja shi ya karya abin da zai yi gyara da shi.

Wani lokaci kwamfaila ce ta tsufa. CentOS 7 da GCC 4.8.5 ta zo, wadda ba ta san C++17 ba, manhajojin yau kuwa da yawa da shi aka rubuta su. A nan Red Hat ta yi abin a yaba. Ta fitar da devtoolset, wanda ke zaunar da sabuwar GCC a ƙarƙashin /opt, ka shiga da scl enable devtoolset-11 bash, ka yi gininka, ka fita, tsohuwar tana nan ba a taɓa ta ba. An kuma tsara shi yadda abin da ka gina zai yi aiki a kan kowace CentOS 7 ko da ba ta da devtoolset. Shi ma yanzu a vault ake samunsa. Ku lura, kamfanin da ya fi kowa sanin tsarin ma a gefe ya yi nasa ginin.

Ga masu Debian da Ubuntu akwai hanyar da na fi so, wato a ɗauko ɗanyen ƙunshi daga sabuwar fitowa a gina shi a kan tsohuwa. Layin deb-src kaɗai za ka ƙara na sabuwar fitowar, ban da layin deb, domin rubutu kake so, ba ginannen kaya ba. Sai apt-get source, sai apt-get build-dep, sai dpkg-buildpackage. Sau da yawa abin da zai tare ka ƙarami ne, kamar a ce ana buƙatar debhelper 13 kai kuwa naka bai kai ba, kuma a ƙananan ƙunshi rage lambar a fayilolin debian yakan wadatar. Ribar wannan hanya babba ce. Abin da zai fito fayil ne na .deb, apt ya san da zamansa, ana iya cire shi tsaf, kuma za ka iya zuba shi a filash ka girka wa duk kwamfutocin ɗakin karatu ba tare da ka sake gini ko sayen data ba. Kafin ma ka fara gini, duba ko wani ya hutar da kai. Masu Node.js suna da shafin unofficial-builds inda ake samun wanda aka gina don glibc 2.17, manhajojin da aka rubuta da Go kuma da yawa fayil ɗaya ne da bai damu da glibc ɗinka ba.

Sai dai a san inda za a tsaya. Ka ce za ka gina abu ɗaya, ya ce sai ka kawo masa uku, kowanne cikin ukun ya ce sai ka kawo masa nasa. Ɗauki Moodle, wadda makarantu ke amfani da ita don darasi da jarrabawa. Daga 4.2 tana buƙatar aƙalla PHP 8.0 mai 64-bit, da MySQL 8.0 ko MariaDB 10.6. Ubuntu 18.04 da PHP 7.2 ta zo, CentOS 7 da PHP 5.4. Idan ka ga za ka gina PHP, ka gina ma'ajiyar bayanai, ka gina OpenSSL, ka gina kwamfailar da za ta gina su, to ka zama mai kula da babbar manhaja kai kaɗai, aikin da ɗaruruwan mutane ke yi a Debian. A ra'ayina nan ne iyakar dabara.

Akwai kuma tambayar a ina za a yi ginin. Mun saba yin sa a kan tsohuwar kwamfutar kanta, kuma a yanayinmu wannan azaba ce. Gini yana ɗora wa firosesa cikakken nauyi na awanni. A bazarar Azare, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, fankar kwamfutar kuma ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce, sai ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Mai RAM gigabait 2 zai ga saƙon an kashe cc1plus, ya zaci rubutun ne da kuskure, alhali wuri ne ya ƙare. Idan dole a kanta za a yi, a hure ƙurar, a buɗe fayil ɗin swap, a bar make -j1, a sa ccache, a yi aikin da dare ko bayan asuba. Idan ta nesa kake, shiga cikin tmux ko screen don kada yankewar layi ta kashe ginin. Idan aka ɗauke wuta, make zai ci gaba daga inda ya tsaya, amma fayil ɗin da yake rubutawa a lokacin yana iya zama guntu, ya jawo kuskuren da ba shi da kan gado. Goge shi ka sake.

Abin da ya fi shi ne ka kawo tsohon tsarin cikin sabuwar kwamfuta. A laftof ɗinka mai ƙarfi, debootstrap zai gina maka Ubuntu 16.04 ko 18.04 a cikin folda guda, ka shiga da chroot. Ko ka jawo kwantenar centos:7 da Docker. A can za ka yi duk gwaje-gwajenka, in ta lalace ka share ka sake, babu wanda ya yi asara. Idan ya ginu ka ɗauki sakamakon ka kai. Kada ku ɗauka wannan dabarar marasa hali ce. Ƙunshin Python da pip ke sauke wa duniya, masu alamar manylinux2014, a kan CentOS 7 ake gina su da gangan, saboda ƙa'idar nan ta glibc: wanda ya gina a kan 2.17 kayansa za su hau kusan ko'ina. Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗalibin da ya ƙware a wannan aiki a Azare ya koyi abin da manyan ayyukan manhaja na duniya ke nema.

Ana iya juya abin, a zaunar da sabon tsari cikin kwantena a kan tsohuwar kwamfuta, kuma sau da yawa yana fitar da mutum. Amma kwantena da kanel ɗin mai masauki take aiki. Na CentOS 7 shi ne 3.10, kuma akwai sababbin manhajojin da ke kiran abin da bai sani ba. A kwamfuta mai 32-bit kuwa kusan ba a maganar wannan hanya.

Maganar data ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Bai kamata kwamfuta ashirin a ɗaki ɗaya kowacce ta sauke abu ɗaya da kuɗi ba. A ɗora apt-cacher-ng a guda ɗaya, sauran su bi ta kanta. Wanda zai je aiki ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi, a Zaki ko Shira ko Giade, ya yi pip download da apt-offline tun yana Azare, ya tafi da kayansa a aljihu.

Na ce bashi ne, to ga yadda yake. Duk abin da ka gina a /opt, apt bai san shi ba, babu mai sabunta shi sai kai. Ranar da aka gano ɓaraka a OpenSSL, naka yana nan da ɓarakarsa har sai ka tuna. Tsohon tsarin da ke ƙarƙashi shi ma haka. A Janairun 2022 aka bayyana wata ɓaraka a pkexec da ake kira PwnKit, wadda ke ba duk mai ƙaramin asusu a kwamfuta damar zama root, kuma tun 2009 take kwance a wurin. Masu tallafi sun samu gyara cikin kwanaki. Wanda wa'adinsa ya wuce bai samu ba. A Mayun 2017 WannaCry ta shiga asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun Maris, ba a dai girka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai amana ce a wuyansa, kuma tun Yunin 2023 Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta ɗora masa alhakin tsare su. Tsohuwar saba idan ba dole ba a cire ta daga intanet, ta yi wa ofis aiki a cikin gida kawai. Masu Ubuntu 18.04 su yi rajistar Ubuntu Pro, kyauta ce ga mutum har kwamfuta biyar, tana ba da gyaran tsaro zuwa 2028.

Sannan a rubuta. Ina roƙonku da girman Allah ku rubuta. Matsalar da matashin nan ya tarar, rabinta tsufan kwamfuta ne, rabinta kuma wanda ya gabace shi bai bar ko layi ɗaya ba. Me ka gina, wace siga, daga ina ka sauke, wane layin configure ka buga, wace rana, wane fayil ka taɓa? A sa a littafi a ajiye kusa da kwamfutar, a kuma bar kwafi a cikinta. Da Hausa ma ya yi, in dai na bayanka zai gane. Wanda ya iya, ya tara umarnin a fayil guda da za a sake bugawa. Ɓoye yadda ka yi aiki don a riƙa nemanka cin amanar wanda ya ba ka aikin ne.

A shafin farko na littafin a rubuta ranar ƙaura zuwa sabon tsari, domin masanan can sun yi gaskiya. Kuma ƙaurar ta fi sauƙi a kan yadda ake tsoro. Kwamfutoci da yawa da ke ɗauke da tsarin 32-bit firosesarsu ta iya 64-bit, wanda ya girka ne ya yi amfani da faifan da ya samu. Buga lscpu ka gani. Core 2 Duo ma tana ɗaukar Debian ta yau mai 64-bit, ko da yake ba za ta ɗauki AlmaLinux 9 ko Rocky Linux 9 ba, domin su suna buƙatar firosesa mai matakin x86-64-v2. Wadda ta tabbata 32-bit ce zalla, Debian 12 ce ta ƙarshe da ke da faifan girka mata, tunda Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ta daina. Masu CentOS 7 kuma AlmaLinux ta tanadi ELevate don hawa da su mataki na gaba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a sayi ƙaramin SSD, a zare tsohon faifan a ajiye shi a aljihun tebur yadda yake, a girka sabon tsari a kan sabon, a kwaso bayanai a lokacin hutun zango. In abu ya ƙi, a mayar da tsohon faifan, ofis ya buɗe da safe kamar ba a yi komai ba.

Shugaban taro, roƙona ga shugabannin makarantu da asibitocin garin nan ƙarami ne. A ware kwamfuta ɗaya da faifai mai faɗi da ɗan sola, a tara rumbunan Debian da Ubuntu da abin da 'ya'yanmu suka gina suka gwada, duk mai gyara daga Katagum zuwa Jama'are ya zo da filash ya ɗiba kyauta. Ku kuma ɗalibai, duk kwamfutar da aka damƙa muku, kafin ku buga umarnin gini ko ɗaya, ku kwafe bayanan da ke cikinta zuwa wani faifai, ku buɗe kwafin ku tabbatar yana karantuwa.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa karatunku albarka.